Baba da Ɗan Majalisar da Aka Kayar

Jiya a unguwar Najma ta Doha ƙamshin shayin citta ya tuna mini da Baba, abokin ɗakinmu. Malamin tarihi ne a Kano kafin aikin gadi ya kawo shi Doha. Duk Juma'a yakan ba mu labarin wani ɗan siyasar Amurka na zamanin bayi, wanda ya tashi daga majalisar jiha zuwa ta ƙasa, ya ƙi goyon bayan bauta, aka kayar da shi.

Ran nan na ce, "Baba, to me ya samu?"

Ya daɗe yana hura shayinsa. "Ɗana, ya samu mutuwa cikin danginsa."

Baba bai samu haka ba, nan Doha ya rasu muka binne shi. Allah Ya yalwata masa kabari, Ya ɗebe masa kewa.