Butar Alwalar da Iya ta Miƙa wa Mai Injin

Shekarun baya, wani Alhaji ya kafa babban injin gumin shinkafa a bayan garinmu, nan gefen Haɗejia, ya saki ruwan da yake dafa shinkafar yana gangarawa cikin gulbinmu. Kafin damina ta zagayo ruwa ya yi baƙi, ga wari, tarwaɗa sai dai a wayi gari a gan ta ta juya ciki sama. Mahaifiyata Iya kuwa bandar kifi ce sana'arta, da ita ta raine mu tun rasuwar babanmu. Masunta suka daina kawo mata kifi, murhunta ya yi sanyi.

Ni a lokacin na gama difloma, kaina na hayaƙi. Na zauna na tsara wa Alhaji takardar koke da Turanci, shafi uku, har da kalmomin da ni kaina sai da na duba ƙamus. Amsar da ya aiko da baki ita ce ruwansa tas yake, launi ne kawai.

Iya ta ji, ta ce, "Tas ko? To madalla."

Sati guda tana bin gidajen suna da na biki tana yi wa mata ƙus-ƙus. Ran Laraba, dab da Azahar, sai ga matan masunta da masu banda, kowace riƙe da buta cike da ruwan gulbi. Suka jera su a ƙofar masallacin injin, suka koma inuwa suka zauna, babu mai hayaniya. Ni ina gefe, kunya kamar in nutse.

Da Alhaji ya fito yana naɗe hannun riga, Iya ta rusuna ta miƙa masa tata. "Alhaji, ga ruwan alwala. Naka ne, mun ɗebo maka."

Ya tsiyaya a tafin hannu, ya kai hanci. Ya dubi liman. Liman ya ce, "Gaskiya Alhaji, ruwan da launinsa da warinsa suka canja ba ya alwala."

Iya ta ce, "To mu Allah gafarta malam, ina za mu kai sallolinmu na wata da watanni?"

Alhaji ya shige masallaci. Bayan sallah ya fito ya ce, "Iya, ku yafe ni." Kafin wata ya ƙare an haƙa manyan ramuka can nesa da gulbi, aka juya ruwan. Da ambaliya ta wanke gulbin, kifi ya dawo.

Har yau in na tuna sai in ji ƙaunar matan nan ta cika min zuciya. Ba su san ofis ko ɗaya ba, amma sun san abin da mutum ba zai iya musu a kansa ba a gaban Ubangijinsa.

Takardata kuwa, na bar kwafinta a gida. Ranar da Iya ta sake hura murhu, a cikinta ta ƙunshe min tarwaɗar farko.