Murar Hajiya

Ku da kuka san Kawu Ladan, kun san ba ya barin ƙararrawa ta yi kira bai amsa ba. Tsohuwar tafiretarsa, wadda ya raɗa wa suna Hajiya, in layi ya kusa ƙarewa sai ta ce ting! Shi kuma, ko yana tsakiyar gardama, sai ya ce, "Na'am, Hajiya," ya ture kan injin ya koma sabon layi. Shekara arba'in yana wannan a rumfarsa ta bakin tashar Laranto, yana buga wa mutane takardun neman aiki da na gayyata. Ni Rabi, 'yar ƙanwarsa, shagon ɗinkina na jikin rumfar, don haka kunnena ya sha na'am har ya ƙoshi.

Maƙo kuwa, kai! Ribon tawada ɗaya sai ya yi shekaru a injin. In ya koɗe, Kawu ya kwaɓa baƙin tukunya da man gyaɗa ya shafa masa. Na ce, "Kawu, takardar nan ƙamshin ƙuli-ƙuli take." Ya ce, "To ai gara, manaja zai karanta da marmari."

Da ɗansa Nasiru ya zo daga Abuja da kwamfuta, Kawu ya shafa ta ya ce, "In layi ya ƙare tana magana?"

"A'a, Baba, da kanta take sauka."

"Bebiya ce ke nan. Mayar musu da abarsu."

Muka yi ta dariya, amma ni na san dalili. Idon Kawu ya riga ya tafi, sai dishi-dishi. Yatsunsa sun haddace haruffa, ƙararrawar ce ke gaya masa inda takarda ta ƙare. Nasiru kuwa jira yake a samu kuskure ɗaya ya rufe rumfar ya zaunar da shi a gida, abin da Kawu ke tsoro fiye da mutuwa.

Sai ga shi wata shekara, da sanyin Jos ya kankama, muryar Hajiya ta dishe. Maimakon ting, sai ka ji tuk, kamar an sa cokali a tuwo. Cikin hayaniyar tasha Kawu ba ya ji. Ranar nan Malam Bala direba ya kawo takardar gayyata, aka buga, aka raba a masallaci. Kalmar "auren" ta faɗa bayan gefen takarda, abin da ya rage shi ne: ana gayyatar ku wajen ɗaurin ɗanmu Musa.

Wayyo Allah! Kafin la'asar mata sun cika gidan Malam Bala suna jaje, wata har da tambayar shekara nawa alƙali ya yanka. Malam Bala ya zo yana huci. Kawu ya ce, "To me na yi? Aure ba ɗauri ba ne?" Amma da mutumin ya tafi, sai Kawu ya juyo wajena. Ya ce, "Rabi, kada Nasiru ya ji." Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Maƙwabcinmu Oga Emeka mai gyaran agogo, wanda kullum yake zuwa daga Kabong su yi faɗan safe da Kawu kafin su sha shayi tare, ya leƙo ya ce, "Malam, kawo Hajiya na duba shi."

"Kai? Agogon hannunka ma latti yake da minti goma! Mura ce kawai, ina yi mata magani."

Magani? Ban gane ba sai ran Juma'a. Kawu na fita masallaci na yafito Oga Emeka. Ya kwance bayan injin, sai wani wari ya buge mu har muka yi atishawa. Ashe tun shigowar sanyi Kawu ke lallubawa da yatsa yana shafa wa ƙararrawar man zafi, safe da yamma! Man ya haɗu da ƙura da ɓarɓashin goro ya zama kamar kwalta. Bai tsaya nan ba, ya yanko bakin tsohuwar safa ya naɗa mata, wai rawani.

Oga Emeka ya riƙe ciki. "Rabi, kawunka zai kashe ni! Ƙarfe yana yin mura?"

Ya cire safar, ya wanke ƙararrawar da kananzir, ya sassauta notin da Kawu ya ɗaure tamau, ya ɗan lanƙwasa 'yar gudumar da ke bugunta. Muka mayar da komai, muka rufa wa Hajiya bargonta, kowa ya koma shagonsa kamar ba mu ba.

Kawu ya dawo ya zauna, ya zura takarda. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ni dai allura na hannuna amma ba ɗinki nake ba. Sai ting! Har masu lodi a tasha sun ji.

"Na'am, Hajiya!" Ya juyo wajen Oga Emeka yana washe baki. "Ka ji ko? Man zafi! Ku da kuka ce ƙarfe ba ya mura!"

Oga Emeka ya haɗiye dariya ya ce, "Gaskiya ne, Malam, kai ne likita."

Washegari Kawu ya miƙo min kwanon gwate mai zafi, ya ce, "Kai wa mai agogon nan." Kawu Ladan da kyautar abinci! Na tsaya ina kallonsa. Ya ce, "Ido ne ya tafi, Rabi, hanci na nan. Kananzir ɗin ya yi yawa."

Shekara uku ya ƙara a rumfar kafin Allah ya yi masa rasuwa, Nasiru bai taɓa jin labarin ba sai yau da nake faɗa.

Bayan sadakar bakwai muka je kwashe kayansa. Oga Emeka ya ture kan injin don ya ɗaure shi da igiya, sai Hajiya ta ce ting. Yau ba mai amsa mata. Can Oga Emeka ya share ido ya ce a hankali, "Na'am, Hajiya."

Kawu bai taɓa ƙin amsa kira ba, na ƙarshen ma ya amsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka masa kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa a Aljanna. Amin.