Ranar da Magatakarda Bai Zo Ba

Duk lokacin sanyi, idan mai gasa dankali ya turo kekensa ta ƙarƙashin tagarmu, hayaƙin nan mai zaƙi-zaƙi ya shigo ɗaki, sai in tsinci kaina zaune a kan wani dogon benci, ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa, Kaka a gefena tana jan carbi. Akwai mai irin wannan keken a bakin ginin da muka wuni a ranar, ƙamshin kuma ya biyo mu har ciki. Amma bari in faro maka daga farko.

A Hayyin Ashir, wata unguwa a Alƙahira, aka haife ni. Karatu ne ya kawo Baba Alƙahira, karatun ya ƙare, shi bai koma ba. Kaka, mahaifiyar Umma, aikin ido ya kawo ta. Aka yi aikin, ido ya buɗe, ta ce ba inda za ta sai autanta ya gama karatu. Autan nan shi ne Kawu, dogo, marar yawan magana, a falonmu yake kwana tsakanin littattafansa. Larabcin Kaka bai wuce na salla ba, amma haka take cinikin tumatir da hannu da ido, kuma ba a taɓa cutarta ba.

Ƙawata 'yar maƙwabtanmu ce na sama, Bamisira, mahaifinta direban tasi. Ba mu da tsakar gida irin wadda Kaka take ba mu labari, matakalar benen ita ce filin wasanmu. Muna tsallen matakala bibbiyu, mai ƙarfin hali ta yi uku. Kawu ya sha tsawata mana, har wata rana ya ɗaga murya maƙwabta suka ji.

Ran da abin ya faru, mai gadi bai daɗe da wanke matakalar ba. Ƙawata ta ce za ta yi tsallen da ba ta taɓa yi ba. Silifa ya kwashe ta, ta gangara, kanta ya bugi dutsen ƙasa. Daidai nan Kawu ya shigo ƙofar gidan da gurasa a hannu. Ya watsar da gurasar, ya sungume ta, ya fita da gudu yana kiran mota. Abin da mutanen layi suka gani ke nan: baƙon saurayi yana gudu da yarinya, jallabiyarsa duk jini.

Ta kwanta asibiti ba ta san wanda ke kanta ba. Mahaifinta, da zafin zuciya da ruɗewa, ya tuna tsawar da Kawu ya taɓa yi mana, ya ce shi ya tura ta. Kafin la'asar 'yan sanda sun tafi da shi. Ni ma an kai ni caji ofis, ina kuka ina haɗa Hausa da Larabci, mutane suna ta hayaniya a kaina. Wani ɗan sanda ya rubuta layi biyu ya rufe. Daga baya Baba ya gano abin da aka rubuta: wai na ce Kawu yana tare da mu a kan matakala.

Umma ta daina cin abinci. Kaka kuwa ba ta yi kuka ba, wanke jallabiyar Kawu ta sallar Juma'a ta yi, ta shanya a baranda, ta zauna tana kallonta.

Ranar Alhamis aka kira mu ofishin masu gabatar da ƙara, wanda a nan ake ce wa niyaba. Baba ya yi ta lallashin Kaka ta zauna a gida, ta ɗauki mayafinta ta riga mu sauka. A hanya ba wanda ya koya mini abin da zan faɗa. Kaka ce kawai ta matse hannuna ta ce, "Abin da idonki ya gani, 'yar nan. Kada ki ƙara masa gishiri don ki taimaki kawunki."

Muka zauna a bencin nan tun hantsi. Sanyin wurin yana ratsa jikina. Aka wuce da Kawu ta gabanmu, hannunsa ɗaure da na wani mutum, gemunsa ya yamutse. Ya yi mini murmushi, ya kau da kai daga wajen Kaka.

Wajen azahar Baba ya fito daga ofishin fuskarsa ba walwala. Ya durƙusa gaban Kaka ya yi mata bayani a hankali. Magatakardan da yake rubuta shaida bai zo ba, an ce matarsa na naƙuda. Mai binciken kuwa doka ta hana shi ya yi tambaya kuma ya rubuta da hannunsa. Dole sai da marubuci na dabam a zaune, in ba haka ba duk abin da aka faɗa tamkar ba a faɗa ba. Gobe Juma'a, jibi hutu. Kawu zai koma inda ya fito ke nan.

"Duk faɗin gidan nan," in ji Kaka, "mutum ɗaya ne ya iya riƙe alƙalami?"

"Ba haka ba ne, Hajiya. Sai wanda aka naɗa."

"To a naɗa."

Baba ya ce mu tashi mu tafi. Kaka ta cire takalmanta, ta naɗe ƙafa a kan benci, ta ci gaba da jan carbi. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, da wane harshe ma? Zama kawai ta yi, daidai saitin ƙofar, yadda duk buɗewar da za a yi sai mai binciken ya gan ta. Matashi ne, bai fi Kawu da yawa ba, hannun rigarsa a naɗe. Ya fito ya koma, ya sake fitowa. A karo na gaba ya tsaya ya tambayi Baba ko wace ce wannan. Baba ya ce mahaifiyar yaron ce. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce wa masinja wata magana.

Ashe dokar ta bar ƙofa. Idan magatakarda ba ya nan kuma akwai lalura, mai bincike yana iya naɗa wani ma'aikaci na wannan zaman kaɗai, muddin ya rantsar da shi. Masinja ya dawo da wata mata daga ɗakin ajiyar fayiloli, mai jiki, da tabarau, jakarta a kafaɗa, da alama har ta yi shirin tafiya gida. Ta ce tana da yara da za ta ɗauko daga makaranta. Sai ta hango Kaka, ta ja numfashi, ta ce, "Yalla, mu je," ta sauke jakar.

A gabana ta ɗaga hannu ta rantse da Allah za ta rubuta abin da aka faɗa bisa gaskiya da amana. Ni ba a rantsar da ni ba, an ce na yi ƙanƙanta. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Babbar mace ta yi rantsuwa saboda maganar da ni zan yi, ni da a gida in na sa baki ake cewa in yi shiru manya na magana.

Ɗakin shiru, ba kamar caji ofis ba. Mai binciken ya yi tambaya, in amsa, ya dakata har alƙalaminta ya tsaya. Ina kike tsaye? Ƙawar taki fa? Kawunki yana ina? Na ce a ƙasa, a bakin ƙofa, shigowarsa ke nan, da gurasa a hannu. Ya tambayi me ya jiƙa matakalar, na faɗa. Da na zo wajen jinin sai na tsaya. Matar ta ajiye alƙalami, ta turo mini kofin ruwa, ta jira.

Da aka gama ta karanta duka da ƙarfi. Na ji maganata tana fitowa daga bakin wata, ba a rage ba, ba a ƙara ba, har gurasar tana ciki. A nan ne wani abu da ya tokare mini ƙirji tun ranar faɗuwar ya sauka. Mai binciken ya aika a kira mai gadinmu, ya tabbatar da wankin matakalar. Kafin a tashi aiki ya sa hannu a saki Kawu.

Washegari da hantsi ya shigo gida. Umma ta faɗa jikinsa tana kuka tana dariya. Kaka ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Je ka yi wanka, Auta, za ka makara masallaci." Sai da ya shiga banɗaki ta juya fuskarta bango, kafaɗunta suna rawa.

Ƙawata ta farfaɗo bayan kwanaki, ta faɗi abin da na faɗa. Mahaifinta ya sauko ya tsaya a ƙofarmu yana ta maimaita ma'alish, wato a yi haƙuri, ya kasa ɗaga ido. Kawu ya rungume shi. Kaka ta ɗan ja lokaci kafin ta sake amsa gaisuwar maƙwabcin, amma ta amsa.

Yanzu kusan kowane bene a unguwarmu akwai kyamara a bakin ƙofa, irin wannan magana da a waya za a kalle ta a wuce wurin. Yara ma sun bar matakala, suna ɗaki. An ce a ofisoshin nan kwamfuta ta fara karɓe alƙalami. Kawu yana gida Najeriya yana koyarwa, gemu ya yi fari.

Matar nan ban sake ganinta ba, ko sunanta ba mu tambaya ba a rikicewar ranar. Amma Kaka ta koma gida ta rayu shekaru masu yawa, kuma Umma ta ce har ciwon ajalinta, in ta idar da salla ta fara jero 'ya'ya da jikoki a addu'a, tsakanin sunan Kawu da nawa sai ta ce, "da baiwar Allahn nan mai alƙalami, da yaranta da ta bari suna jira."