Lamba Sittin da Takwas

Ranar Asabar ce, filin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka na jami'armu ya cika maƙil. Matar da ke gefena tana sanye da rigar aikin asibiti mai sunan Earlene a ƙirji, da alama daga aiki ta zarto nan. Idonta ba ya bin ƙwallo. Duk sanda 'yan wasa suka yi karo suka watse, sai ta duƙa kan wani tsohon littafi, ta ja layi idan an yi daidai, ta zana da'ira idan an kuskure.

Yaranmu suka ci, fili ya ɗauki ihu, ita kuwa ta zana da'ira tana tsaki.

Na ce, "Haba Mama, mun ci fa."

Ta ce, "Kun ci, ɗan nan. Sittin da takwas ya makara wajen ɗaga ƙafa. Sau uku ke nan, koci zai zaunar da shi."

Ɗan wasanmu mai lamba sittin da takwas ƙato ne, aikinsa tare abokan karawa. Ba ya taɓa ƙwallo, jaridu ba sa ƙirga wa irinsa komai.

Ya cire hular kwano. Bai kalli allon maki ba, wajenmu ya ɗago kai. Goshinsa da na matar iri ɗaya, sak ɗa da uwa. Ta ɗaga masa yatsu uku, ɗaya hannun na dafe da ƙirjinta.