Lomar da Lami Ba Ta Haɗiye Ba

Lami mai tulu ake ce mata, domin shekara ashirin da biyu ita ke buga tulu in matan zumunta sun tashi waƙa a majami'arsu ta Katsina. A wani ƙauye kusa da Malumfashi aka haife ta, iyayenta Maguzawa ne da suka shiga addinin Kirista. Aure ya kawo ta Ƙofar Ƙaura, wurin Shehu kafinta. Da ya rasu sai ya bar mata ɗaki ɗaya da baho biyu, ta kama wankau. Ba ta da ɗa, danginta suna nesa. Zumuntar Mata ita ce danginta: su ke gaishe ta in ta kwanta ciwo, su ne kuma take sa ran za su ɗaura zane iri ɗaya su raka gawarta da waƙa. Shi ya sa zanen zumuntarta bai taɓa kwana a kan igiya ba, kullum yana ninke a ƙasan akwati.

Azumi kuwa wurin uwarta ta koya. Tsohuwar takan ce, ranar da kika ɗauki azumi ki wanke fuska, ki shafa mai, ki sa kwalli, kada kowa ya gane, Allah kaɗai kike yi wa. Abincin da za ki ci a ranar kuma ya tashi daga naki, sai ki nemo mai shi ki kai masa. A haka Lami ta tsufa, ba ta taɓa jin cewa akwai wani azumin daban ba.

Sai ga shekarar da soja suka ce za su koma bariki. Gari ya cika da hotunan 'yan takara, kowa yana neman a gan shi. A lokacin aka naɗa Rifkatu Uwar Zumunta, matar Lawal da ya yi ta yawon kamfen yana jiran a tuna da shi. Azumin kwana arba'in na kafin Ista ya kama bai fi wata guda da ƙaramar salla ba, sai baiwar Allah ta tara mata ta ce bana dole gari ya san Kirista ma suna azumi. Ba kwalli, ba shafa mai, kowace ta fito da busasshen leɓe. Ranar ƙarshe za a yi babban shan ruwa, a gayyato waɗanda suka ci zaɓe, a ɗauki hoto. Kai jama'a! Azumi ne ko tallar atamfa?

Lami kuwa ta bi koyarwar uwarta. Washegari ta sa kwallinta kamar kullum, ta tuƙa tuwo, ta nufi Ƙofar Sauri.

A can akwai Indo, tsohuwar Bafulatana Musulma, wadda ta shekara da shekaru tana kawo wa unguwarsu nono. Ɗanta Hamman ya yi kudu da shanu damina biyu ke nan, ba labari. Yanar ido ta rufe wa Indo gani, tallar ta tsaya. Indo kuwa ko yunwa za ta kashe ta ba ta roƙo, kuma ba ta karɓar sadaka. Ran farko da Lami ta aje mata kwano, ture shi ta yi da ƙafa.

"Ni kika mai da abin tausayi, ɗiyar nan? Ɗauki abinki ki tahi."

"Haba Inna, wane tausayi? Ni ce ba na iya cin abinci ni kaɗai tun rasuwar Shehu. Taya ni kawai za ki yi."

Da wannan aka shawo kanta, amma da sharaɗin hannu biyu a kwano. To ga Lami da azumi a baki. Sai ta riƙa sa hannu ta yanko loma, ta kai kusa da baki, ta yi motsin tauna har da tanɗe, sannan a hankali ta mayar da lomar gefen Indo. Kullum da azahar haka, ƙamshin daddawa yana dukan hancinta, cikinta yana ƙugi, ita kuwa tana yabon miya.

Ana cikin mako na huɗu Rifkatu ta bi ta lungun a motar jam'iyya. Shingen zana na gidan Indo ya faɗi ta gefe guda, sai ta hango Lami tsugune da rana tsaka, ido ya sha kwalli, hannu dumu-dumu da miya. Ko tsayawa ba ta yi ta tambaya ba. Ranar Lahadi bayan sujada ta tsayar da mata kusan sittin.

"Lami, tashi tsaye. Kina azumi ko ba kya yi?"

"Mama, wannan tsakanina da Allah ne."

"Da idona na gan ki! A gidan Musulma kuma, don a yi mana dariya a gari. Hannunki na cikin kwano ko ba ya ciki?"

"Yana ciki, Mama."

Kalma goma ta ishe ta ta wanke kanta, kuma tana bakinta. Amma mata sittin ne a wurin, kafin la'asar maganar ta kai Ƙofar Sauri. In Indo ta ji cewa an tsaya gaban taro an ce ciyar da ita ake yi, ba za ta ƙara taɓa kwanon ba, Lami ta san wannan sarai. Ta dubi tulunta a kusurwa, ta yi shiru.

Aka ce ta kawo zanen, an dakatar da ita. Abin takaicin ma, a cikin matan nan akwai waɗanda Lami ta yi wa wankan jego kyauta, akwai wadda ta kwana uku tana jinyar ɗanta a asibiti. Ko ɗaya ba ta buɗe baki ta ce a bincika ba, duk suka sunkuyar da kai suna gyara ɗankwali. Tir da wannan hali! Lami ta je gida ta buɗe akwati da kanta, ta kawo zanen a ninke ta miƙa da hannu biyu. A hanyar komawa ta yi kuka har ta kasa amsa gaisuwar masu shago.

An yi shan ruwan. An yanka kaji, manyan baƙi biyu sun leƙo sun tafi kafin a gama addu'a, hoto ya yi kyau. Wata yarinya aka ba tulun, ta yi ta dukansa kamar tana daka.

Ranar Ista matan zumunta suka fito reras cikin zane iri ɗaya. Lami ta yi sujadarta a bencin baya da tsohuwar atamfa, aka tashi ta dafa shinkafa da wake ta nufi Ƙofar Sauri. Tana sa hannu a kwano sai Indo ta cafke wuyan hannun.

"Yau azumin naku ya ƙare, ko ba haka ba?"

Lami ta daskare. "Inna, wa ya gaya miki?"

"Mi za a gaya mani? Idona ya tahi, kunnena na nan. Kwana arba'in kina tauna, ban taɓa jin kin haɗiye ba. Na yi shiru ne don kada in ɓata maki ibada. Abin da anka yi maki a kaina ma na ji."

Tsohuwar ta lalubo kwanon, ta dunƙula loma babba, ta danƙa a tafin Lami.

"Ci. Ina sauraren maƙogwaronki."

Lami ta kai lomar baki. Sai da ta yi ƙoƙari sau biyu kafin lomar ta wuce. Zanen kam har Rifkatu ta sauka daga kujera ba a mayar mata ba.