Cukun Kadi da Akwatin Dikko

A wani ɗan ƙauye tsakanin Kwaya da Dungas aka yi Kadi matar Labbo, 'yar gajeruwa mai saurin tafiya da saurin magana. Gidansu na noma ne da kiwo, gero a gona, shanu a bayan gida. Tun tana budurwa ta iya kaɗa mai da dama fura, amma cuku kam ba ta gada ba, don ba abincin yankin ba ne.

A shekarar babban fari, 1973, ta koye shi. Wata Buzuwa ce ta gangaro daga arewa da 'ya'yanta da 'yan awakin da suka rage mata, ta sauka a gefen gonar Labbo. Kadi ta riƙa kai mata dawo, ita kuma ta nuna mata yadda ake jiƙa busasshen tumbin ɗan akuya a ɗiga ruwansa cikin madara har ta kama, a tsane ta, a shimfiɗa falle-falle a kan asabari ta bushe. Da ruwa ya sauka Buzuwar ta koma gida. Abin da ba ta faɗa mata ba, don ita ma ba ta sani ba, shi ne can ƙasarsu iskar busasshiya ce. Nan kuwa in marka ta kama, ko takalmi ka ajiye sai ya yi fumfuna.

Sai da Kadi ta yi damina biyu tana asara. Ta sa a tukunya, ya yi gumi. Ta sa a rumbu, ɓera ya riga ta. Daga baya ta gano dabararta da kanta. Ta ɗaura ragaya uku a ɗakin girki, nesa da bango, ba daidai kan murhu ba, inda hayaƙi zai riƙa giftawa kawai. Ta jera cukun a faifai, tsakanin kowane falle da ɗan'uwansa akwai tsinken kara don iska ta ratsa. Duk ranar da rana ta leƙo sai ta sauke ta shanya. Takan ƙwanƙwasa falle da farce. In ya ce ƙas, ya koma ragaya. In ya lanƙwasu, bai gama da rana ba. Kuma ba ta taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu.

Ba don kasuwa take wannan wahala ba. Shanu biyar fari ya bar musu, kuma da rani nonon ƙafewa yake. Ga Inna, uwar Labbo, tsohuwa ba haƙori ko ɗaya, wadda tuwo ba ya wuce mata. Cukun nan ake daka mata a zuba a kunu, da shi take kaiwa damina.

A daminar 1976 Dikko, ƙanen Labbo, ya dawo gida. Ya yi shekara uku a lakwal, wato makarantar boko, ya kuma daɗe a Magarya yana awon gyaɗa, har gyaɗar ta mutu aikin ya ƙare. Ya sauka daga kamiyo, babbar motar kaya, da agogo a hannu, da akwatin ƙarfe, da ƙunshin leda, abin da a lokacin ƙauyen ba su cika gani ba. Tun ranar da ya zo babu abin da ya yi masa daidai a gidan. Randa ba murfin kirki, turmi a ƙasa, kaji ko'ina.

Ana tsakiyar marka aka aiko daga Waca cewa Furera, 'yar Kadi ta fari, ta haihu. Kafin Kadi ta tafi sai da ta kama Labbo a bakin garke.

"Malam, ga ragayata nan. Falle tamanin ne da 'yan kai. Don Allah kada kowa ya taɓa mini. Ko ba a shanya ba, a bar su inda suke."

"Wa zai taɓa miki? Ki gaishe su."

Kwana tara ta yi. Ranar da ta dawo, ko lulluɓi ba ta cire ba ta leƙa ɗakin girki, ta tarar da ragayar uku suna lilo ba kome. Sai ga Dikko ya fito yana murmushi.

"Matar yaya, na gyara miki kayanki. Yaya za a bar abincin mutane cikin hayaƙi da ƙuda? Zo ki ga yadda ake ajiya a birni."

Ya kai ta ɗakinsa ya buɗe akwatin. Kafin ya gama ɗaga murfi wari ya buge su. Ya ƙulle cukun goma-goma a leda, ya ɗaure bakin tam, ledar duk ta yi gumi ta ciki. Falle ya manne da falle, kore da baƙi da wani fari-fari kamar gashin tsoho. Kadi ta durƙusa tana kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Wata uku na tatsa da asuba, da madarar da ta hana kanta sha, ga su nan. Ta kwashe ta kai tsakar gida, ta zauna da wuƙa tana kankarewa har la'asar. Falle bakwai ta ceta. Sauran ko kaji sai da suka yi ta juya su.

Da a nan abin ya tsaya, da ta haɗiye. Amma washegari tana ɗauke da tulu ta zo wucewa ta zaure, sai ta ji Dikko yana yi wa maza bayani.

"Ai dama bai bushe ba. Ruɓaɓɓe na tarar da shi. Leda ba ta ɓata abu, da ita ake kawo magani daga ƙasar Turawa. Matsalar matanmu rashin tsabta."

Ta ajiye tulun a ƙasa. Ba ta taɓa tsayawa bakin zaure maza na zaune ba, ranar ta tsaya.

"Dikko, ni ce marar tsabta? Ka taɓa tatsar saniya? Ka shiga ɗakin da ba naka ba, ka sauke abin da ba kai ka rataye ba, ka kashe shi, sannan ka zo nan kana cin mutuncina?"

Labbo ya ce, "Haba Kadi, shiga gida. Da kyakkyawar niyya ya yi."

"Niyyar za a daka wa Inna da rani?"

Ta shiga, ta fito da falle ɗaya cikin bakwai ɗin, ta karya shi biyu a gabansu. Ta miƙa wa Dikko rabi ta ce ya ƙulle a ledarsa da hannunsa. Ɗaya rabin ta ɗora a faifai ta rataye a azarar zauren. Ta ce kowa shaida ne.

Kwana biyar aka yi, ruwa bai ɗauke ba. Da aka kwance ledar, rabin Dikko ya yi kore shar. Na faifai kuwa ta ƙwanƙwasa ya ce ƙas. Ta tsaya tana jiran ta ji abin da za a ce. Dikko ya juya ledar ya duba, ya ce wannan 'yar Kano ce, ba ta ainihi ba. Maza suka yi dariya, wani ya ce gero dai bana ya yi kyau, zance ya koma kan gona. Ba wanda ya ce mata ke ce da gaskiya, har mijinta.

Wannan shirun ya fi asarar yi mata ciwo. Da kaka ta yi, ta tara kara, ta kwaɓa ƙasa, ta gina wani ɗan ɗaki a bayan nata da hannunta, ta sa maƙerin Dungas ya yi mata kwado, ta ɗaure mabuɗin a bakin zane. Ranin nan da kunu zalla Inna ta yi shi, ta rame har sai an tashe ta zaune. Duk sanda Kadi ta miƙa mata ƙwarya sai ranta ya sake ɓaci.

Dikko ya yi shekara biyu a gidan kafin ya wuce Kano neman aiki. Takan zuba masa tuwo, takan amsa gaisuwarsa, amma wasan da ke tsakanin mace da ƙanen miji ya mutu. Ranar tafiyarsa ya zo sallama, ya ce in ya yi mata wani laifi ta yafe.

"Wane laifi?" in ji ta. "Faɗe shi."

Ya sosa ƙeya, ya duba agogo, ya ce kamiyo na jira.

Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."