Albishirin da Na Yi wa Baba

Ranar Litinin ta farko a wani watan Janairu, ina 'yar shekara tara, na hau matakalar benenmu na Tottenham da gudu, jakar makaranta tana dukan bayana, bakina ɗauke da labarin da na zaci zai sa mahaifina ya ɗaga ni sama. Har yau idan na tuna gudun nan, sai in ji kamar in riƙo rigar yarinyar in ce mata ta tsaya.

Baba ma'aikacin jinya ne. A wani gari mai sanyi na Amurka ya yi karatu, a can ya kwaso son ƙwallon nan da ake rungumewa a ruga da ita, wadda Mama take kira kokawar masu hular kwano. Ƙungiyarsa kuwa ta ƙware wajen ba da kunya. Su huɗu ne a rukuninsu, amma tun kafin a haife ni rabonsu da zama na ɗaya. Da yake yana aiki ranar Lahadi, Mama ce take naɗar masa wasan a kaset, ya kalla ranar Litinin bayan magariba tare da maƙwabcinmu Baba Iliyasu, mutumin Kumasi, mai goyon bayan abokan hamayyarsu. Dokar gidan ɗaya ce: ba a faɗin sakamako. A ranar, Baba ba ya kunna rediyo, jarida ko a jirgin ƙasa ya gani sai ya kau da kai. Musunsu har shayi ya huce ba ya ƙarewa. Baba Iliyasu ya ce, "Kocinku ne matsala, a yi sacking ɗinshi kawai, a kore shi." Baba ya ce, "Koci ne ke jefa ƙwallon? Ka ba mu shekara ɗaya." Shekara ɗayan nan ta daɗe ba ta zo ba.

Ranar nan malaminmu na motsa jiki, wani Ba'amurke, ya faɗa a filin makaranta cewa ƙungiyar da Baba yake so ta ci wasanta na ƙarshe, ta ɗauke rukuni. Dokar ta fice mini daga kai, abin da na tuna kawai shi ne mai kawo labari mai daɗi goro ake ba shi. Ni da kullum da Turanci nake amsa wa Baba, tun a bas na shirya Hausata. Na same shi da kaset a hannu, Baba Iliyasu ya riga ya zauna. Na ce, "Baba, albishirinka!" Daɗin jin Hausa a bakina ya sa ya ce "Goro" kafin ya yi tunani. Na zazzage masa komai.

Baba Iliyasu, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya sunkuyar da kai. Baba ya yi murmushin da har yanzu yake zo mini a mafarki, ya miƙo mini dabino uku, ya ɗora kaset ɗin a kan kabad ya ce sai wani lokaci. Kafin wata kakar wasa ta zagayo Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu sakamako a waya yake faɗo wa mutum tun bai nema ba, 'ya'yana ba su san a jira wasa kwana guda ba. Kaset ɗin yana cikin durowata, na'urar kunna shi ma babu. Na ci gorona, shi kuwa bai ga wasansa ba.